Tarihin Ibnul Haisam, Malamin Basra Wanda Ya Binciki Al'amarin Haske

Cikin manyan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya akwai waɗanda mu ke cin moriyar aikinsu kullum ba tare da mun san ko sunansu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne malamin da za mu ba da tarihinsa yau. Duk akawun da ya taɓa zama gaban mai hoto don a ɗauke shi hoton fasfo, da duk malamin makarantar da ya taɓa jera yaransa sahu uku a bakin aji don hoton ƙarshen shekara, ya tsaya ne gaban wani akwati wanda asalin iliminsa ya biyo ta hannun mutumin nan. Sunansa Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Alhaisam, amma an fi saninsa da Ibnul Haisam. Turawa kuwa, da sunan ya yi wa harshensu nauyi, sai suka mai da Alhasan ya koma Alhazen.

An haife shi a birnin Basra, a kudancin Iraƙi, wajen shekarar 965, watau shekara ta 354 bayan Hijira. A zamanin nan Halifan Abbasiyawa yana Bagadaza, amma suna kaɗai gare shi, mulki yana hannun sarakunan gidan Buwaihi tun daga 945. Ko da ya ke siyasa ta dagule, ilimi bai dagule ba. An riga an juya manyan littattafan Yunanawa zuwa Larabci, har yaro mai ƙwazo a Basra yana iya samun littafin Iƙlidis na ilimin awo, da na Batlamus na taurari, da na Jalinus na likitanci, ya karanta su da harshen da ya tashi da shi. Ibn Sina da Albiruni duk tsararrakinsa ne. Don masu karatu su kwatanta da tarihinmu na gida, bisa lissafin da aka yi wa Tarihin Kano, Bagauda ya fara sarauta cikin 999, lokacin nan Ibnul Haisam ya ba shekara 30 baya.

Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na kogin Nilu, wanda ya kawo shi kuwa Ibnul Ƙifɗi ne, marubucin tarihin malamai da ya rasu cikin 1248. Ƙasar Masar ba ta dogara ga damina kamar mu, a wancan zamani rayuwarta duka tana rataye ne ga cikar Nilu ta shekara-shekara. In ruwa ya gaza a yi yunwa, in ya wuce kima ya cinye gonaki da ƙauyuka. Mai mulkin Masar a lokacin shi ne Halifa Alhakim na gidan Faɗimiyyawa, wanda ya hau gado cikin 996 yana da shekara 11. Mutum ne mai son malamai, har ya kafa gidan ilimi a Alƙahira cikin 1005, amma kuma mai saurin zub da jini, wazirai da manyan ma'aikata da yawa sun rasa kawunansu a hannunsa. Labari ya kai masa cewa akwai wani malami a Iraƙi da ke cewa, da yana Masar da ya yi wa Nilu wani aiki wanda zai sa a amfana da shi ko ya cika ko ya janye. Sai Halifa ya aika masa da guzuri, ya kira shi, ya fita da kansa bayan gari ya tarye shi, sa'an nan ya haɗa shi da magina da ma'aikata suka nufi kudu.

Tun a hanya jikinsa ya fara sanyi. Ya riƙa ganin gine-ginen mutanen dā a gaɓar kogin, waɗanda aka sassaƙa da duwatsu bisa awo mai ban mamaki, ya ce a ransa mutanen da suka iya wannan, da abin da ya ke nufi mai yiwuwa ne, da sun riga shi. Da ya isa wurin duwatsun da ke kudu da Aswan, tafiyar fiye da mil 500 daga Alƙahira, ya duba faɗin ruwan da ƙarfinsa, ya tabbata kayan aikin zamaninsa ba su isa ba. Ya komo ya gaya wa Halifa gaskiya. A ganinmu wannan komowa ta fi tafiyar nuna ko wane ne shi, gama da wani ne da ya fara gini, ya yi ta cin kuɗin baitulmali shekara da shekaru yana ba da uzuri, kamar yadda ba a rasa gani a kowane zamani. Wurin da ya duba ɗin nan kuwa, a yankin ne aka gama madatsar ruwa ta farko cikin 1902, aka kuma gina babbar tsakanin 1960 da 1970, da injuna waɗanda bai taɓa mafarkinsu ba.

Halifa ya nuna kamar ya karɓi uzurinsa, ya ba shi aiki a wani ofishin gwamnati. Amma Ibnul Haisam ya san halin ubangidansa, ya ga in ya zauna a kujerar nan wata rana takobi zai same shi. Sai ya ƙirƙiri hauka. Aka kama dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gida, aka sa masu kula da shi, ya zauna haka har Alhakim ya fita wani dare cikin 1021 zuwa duwatsun Muƙaɗɗam bai komo ba. Daga nan hankalin malam ya dawo, aka mayar masa da kayansa.

Ya kamata mu faɗa cewa marubutan dā ba su taru a kan wannan ruwaya ba. Albaihaƙi ya ce Halifa ya duba tsarin aikin ne ya ƙi shi saboda yawan kuɗin da zai ci, malam ya ji tsoro ya gudu Sham. Ibn Abi Usaibi'a kuwa, wanda ya rasu cikin 1270, ya kawo wata ruwaya mai cewa tun a Basra ya yi haukan ƙaryar, don a sauke shi daga muƙami ya sami sukunin karatu. Ko wace aka ɗauka, mutum ɗaya a ke gani, wanda ofis ya zame masa ƙaya, littafi kuwa ya zame masa gida.

Babban littafinsa, Kitabul Manazir, watau littafin ilimin gani, an ɗauka ya rubuta shi ne tsakanin 1011 da 1021. Kashi 7 ne. Na farko ya yi magana a kan haske da ƙirar ido, na 2 a kan yadda hankali ke fahimtar abin da ido ya kawo masa, na 3 a kan kurakuran gani. Daga na 4 zuwa na 6 maganar madubi ce, na 7 kuwa a kan karyewar haske in ya shiga ruwa ko gilashi, abin nan da ke sa a ga sanda kamar ta tanƙware cikin randa.

Kafinsa malamai sun rabu. Iƙlidis da Batlamus, da Alkindi a cikin Larabawa, sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu, kamar makaho da sandarsa. Mabiya Arisɗo kuma sun ce surar abu ce ke zuwa ga ido, amma ba su iya nuna ta wace hanya da lissafi ba. Ibnul Haisam ya ce haske shigowa ya ke yi, ya kuma kawo hujjojin da kowa zai iya gwadawa. Wanda ya dubi rana idonsa zai yi zafi, zafi kuwa alama ce ta abin da ya zo daga waje ya bugi ido. Wanda ya ƙura wa farin bango ido da tsakar rana, sa'an nan ya juya ga duhu, zai ci gaba da ganin alamarsa na ɗan lokaci. Ya kafa ƙa'ida cewa kowane ɗigo na jikin abin da haske ya faɗa wa yana watsa haske ta kowace fuska, bisa miƙaƙƙen layi. Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne ba ya barin magana a baki. Yakan bayyana kayan gwaji, da yadda za a sassaƙa su, da awonsu, don mai karatu ya yi da hannunsa ya gani. Har ya rubuta littafi guda na shakku a kan Batlamus, malamin da aka shekara wajen 800 ba a cika ja da maganarsa ba.

Yanzu mun zo kan abin da ya haɗa shi da mai hoto, watau ɗaki mai duhu. Ya ce a jera fitilu da yawa a wurare dabam-dabam, a gaban wata 'yar huda da ke kaiwa cikin ɗaki mai duhu. A bangon da ke fuskantar hudar za a ga ɗigon haske daidai da yawan fitilun, kowane ɗigo yana kishiyar fitilarsa, ta dama ta faɗa hagu, ta sama ta faɗa ƙasa. In aka rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa, in aka buɗe ya dawo. Da wannan ya nuna hasken fitilun duka yana ratsa huda ɗaya ba tare da ya cakuɗe ba. Ba shi ya fara lura da hudar nan ba, gama mutanen Sin sun rubuta labarinta tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru, Yunanawa ma sun yi tambaya a kanta. Shi ne dai ya mai da ita kayan gwaji, ya kuma yi mata lissafi.

Lissafin yana cikin wata 'yar maƙala da ya rubuta a kan surar kusufin rana. Ya lura cewa in wata ya rufe sashen rana, hasken da ya ratsa ƙaramar huda yakan faɗa a bango da siffar jinjirin wata. Waɗanda suka ga kusufin ranar 29 ga Maris, 2006, wanda ya ratsa ƙasarmu da Nijar, wataƙila sun lura da irin wannan a ƙarƙashin itatuwa, inda hasken da ke bi tsakanin ganyaye ya zube a ƙasa kamar an watsa lauje ɗari. Amma in aka faɗaɗa hudar, sai siffar lauje ta ɓace, hasken ya ɗauki siffar hudar kanta. Ya bayyana dalili. Kowane ɗigo na rana yana zana ɗan tabon haske a bango gwargwadon girman hudar. In hudar ƙarama ce, tabban ƙanana ne, kowane ya tsaya wurinsa, sura ta fito. In babba ce, tabban su yi girma su hau juna, sura ta narke. Ya kuma nuna cewa faɗin hudar kaɗai bai isa a yi hukunci da shi ba, sai an gwada shi da nisan da ke tsakanin hudar da bangon. Mai karatu ya riƙe wannan, gama za mu sake gamuwa da shi a jikin kyamara.

A wuri ɗaya ya kauce. Ya ɗauka cewa ido yana jin sura ne a gilashin nan da ke bayan baƙin ido, domin ya ƙi yarda a ce sura tana kifewa cikin ido alhali muna ganin duniya a tsaye. Sai cikin 1604 Kepler, mutumin Jamus, ya nuna cewa gilashin ido tattara haske kaɗai ya ke yi, sura tana faɗawa ne a bangon bayan ido, a kife kuwa, ƙwaƙwalwa ce ke karanta ta daidai. Amma Kepler da kayan Ibnul Haisam ya yi wannan gyara. An juya Kitabul Manazir zuwa Latin wajen shekarar 1200, malaman Turai irin su Roger Bacon na Ingila da Witelo suka yi ta ɗiba daga cikinsa, aka kuma buga shi a ɗab'i a birnin Basel cikin 1572. A ƙasashen Musulmi kuwa, abin takaici, littafin ya kwanta fiye da shekara 250 ba a cika taɓa shi ba, sai da Kamaluddin Alfarisi ya yi masa sharhi wajen 1300, ya kuma yi amfani da hanyarsa ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa cikin ɗigon ruwa. Akwai wata magana da ke yawo cewa wai kalmar kyamara daga bakin Ibnul Haisam ta fito. Wannan son kai ne kawai, kalmar Latin ce mai ma'anar ɗaki, malamin kuwa bai bukaci a ara masa abin da ba nasa ba.

Aibin ɗaki mai huda shi ne duhun surarsa. In an ƙanƙanta huda sura ta fito sarai amma da ƙyar a ke ganinta, in an faɗaɗa haske ya ƙaru amma sura ta lalace. Maganin da aka samo shi ne a sa gilashi mai tudun ciki a bakin hudar, irin na tabaran tsofaffi. Gilashin yana karɓar haske mai faɗi ya tattara shi wuri ɗaya, kamar mazurari. Wani malamin Venis mai suna Daniele Barbaro ya bayyana haka cikin littafinsa na 1568, ya kuma ƙara da cewa in aka rufe gefen gilashin aka bar tsakiyarsa kaɗai, sura takan ƙara fitowa. Sauran aiki shi ne a kama surar kada ta gudu. Niépce na Faransa ya yi nasarar haka wajen 1826, Daguerre ya bayyana tasa hanyar ga duniya cikin 1839, kafin ƙarnin ya ƙare kuwa sana'ar ta iso gaɓar tekunmu, inda Jonathan Adagogo Green na Bonny ya ɗauki hoton Oba Ovonramwen na Benin cikin 1897, a jirgin ruwan da aka tafi da shi.

To, gilashi ya kawo haske, amma ya zo da nasa sharaɗi. Huda ba ta zaɓe, abin da ke kusa da abin da ke nesa duk daidai su ke fita gare ta. Gilashi kuwa nisa ɗaya tak ya ke iya saitawa a lokaci guda. Abin da ke daidai wannan nisa, kowane ɗigonsa yana faɗawa a fim ɗigo. Abin da ya matso gaba ko ya ja baya, bakin mazurarin haskensa ba ya faɗawa daidai kan fim, saboda haka ɗigonsa yakan zama ɗan da'ira. In da'irar ta yi ƙanƙantar da ido ba ya rabe ta da ɗigo, sai mu ce abin ya fita, in ta wuce haka mu ce ya yi dishi-dishi. Filin nan da ke tsakanin iyakar gaba da iyakar baya, inda kome ke fita sarai, shi za mu kira zurfin hoto. Abin da ke hukunta girman da'irar kuwa shi ne faɗin ƙofar da haske ya bi, daidai yadda malamin Basra ya faɗa game da tabban rana. Ƙofa mai faɗi tana ba da mazurari mai faɗi, wanda da an gota kaɗan ya baje. Ƙofa matsattsa tana ba da haske siriri kamar tsinke, ko an gota bai cika bajewa ba. Akawun da idonsa ya fara rauni yana iya gwada wannan a teburinsa: ya huda takarda da allura, ya cire tabarau, ya leƙa rubutu ta hudar, zai ga haruffa sun tsaya. Dalilin ke nan da ya sa mai raunin ido ke ƙanƙance idanunsa in yana hangen nesa.

Abu na biyu shi ne tsawon gilashi. Yaran makaranta sun san wasan ƙona takarda da gilashi a rana, Ibnul Haisam ma ya yi rubutu a kan madubai da ƙwallon gilashi masu ƙonawa. Nisan da ke tsakanin gilashin da ɗigon nan mai ƙuna shi ne tsawonsa, shi a ke rubutawa a bakin kyamara da milimita, kamar 28, ko 50, ko 135. Gajeren gilashi yana kwaso fili mai faɗi ya ƙanƙanta kome, dogo yana yanko ɗan wuri ya jawo shi kusa. Lambobin nan kuma da ke kewaye da wuyan kyamara, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, waɗanda ke rikita mai koyo domin babbar lamba ita ce ƙaramar ƙofa, ba wani sihiri ba ne. Tsawon gilashi ne aka raba da faɗin ƙofa. Gilashi mai milimita 50 in an sa shi a lamba 2, ƙofarsa milimita 25 ce, in an sa shi a 16 kuwa ta koma milimita 3 da 'yan kai. Watau gwada faɗin huda da nisan bango, wanda aka yi a maƙalar kusufi, shi ne aka zana a jikin ƙarfe.

Bari mu kawo misali da alƙaluma, bisa kyamarar fim mai milimita 35 da awon da masu hoto suka saba. A sa gilashi mai milimita 50, a saita shi kan mutumin da ke tsaye ƙafa 10 daga mai hoto. A lamba 2, abin da zai fita sarai bai wuce zurfin ƙafa ɗaya da rabi ba. A lamba 16 kuwa, kome zai fita tun daga wajen ƙafa 6 har wajen ƙafa 23. In mai hoto bai gusa ba ya canja zuwa gilashi mai 135, ko ya matse ƙofa zuwa 16 zurfin zai koma ƙafa ɗaya da rabi ɗin nan. In ya sa mai 28 a lamba 16, kome zai fita daga ƙasa da ƙafa 4 har iyakar gani. Sai dai a lura, wannan bambanci na wanda ya tsaya wuri ɗaya ne. In mai dogon gilashi ya ja da baya har girman mutumin ya zo daidai da yadda ya ke a gajeren gilashi, zurfin yakan kusan zama ɗaya, abin da ke sauyawa shi ne yadda bayan mutumin ke girma ya baje. Matsowa kusa kuwa kullum rage zurfi ya ke yi.

Ba a samun zurfin nan kyauta. Kowane mataki na lambobin yana rage rabin haske, daga 2 zuwa 16 mataki 6 ne, watau haske ya ragu sau 64. Hoton da za a ɗauka cikin kashi ɗaya daga 500 na daƙiƙa a lamba 2, a lamba 16 zai bukaci kashi ɗaya daga 8, wanda hannu ba ya riƙewa ba rawa, yaro kuwa ba ya tsayawa ba motsi. Matse ƙofa fiye da kima ma yana da nasa aibi, gama haske yakan ɗan baje a bakin huda matsattsa, abin da aka gano a Turai cikin ƙarni na 17.

Masu hoton da suka yi sana'a a ƙetaren kogin Kaduna, a Kakuri da Makera da kewayen tashar jirgin ƙasa, musamman bayan da aka buɗe masaƙar Kakuri cikin 1957 ma'aikata suka cika unguwannin, sun san waɗannan ƙa'idodi da hannu ko ba su san su da alƙalami ba. Mai akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle yakan zaunar da mutum a kujera ɗaya, a nisa ɗaya, kullum, ya ce kada ya motsa, domin ya san zurfin da ke hannunsa kaɗan ne. Inda a kan ga gwani a kan ga ɗan koyo shi ne hoton makaranta. Sau da yawa za a ga hedimasta da malamai a sahun gaba sun fita raɗau, yaran da suka hau benci a sahun baya kuwa fuskokinsu kamar an shafe da auduga, iyaye su biya kuɗi su kasa gane ɗansu. Laifin na ƙofa ne da aka bari a wangale. Malamin da zai shirya irin wannan hoto ya fito da yara waje inda haske ya wadata, ya matso da sahu kusa da juna, ya roƙi mai hoto ya ja da baya kaɗan, ya sa lamba 8 ko 11, ya saita a sahu na biyu. In hoton mutum ɗaya a ke so, kamar na wanda zai yi ritaya, sai a juya al'amarin: a buɗe ƙofa, a sa dogon gilashi, a saita kan ido, bangon da ke baya da tarkacensa su narke. Kyamarar wayar hannu ta zamanin nan gilashinta 'yan milimita kaɗan ne, shi ya sa kusan kome ke fita a hotonta, dishi-dishin da ta kan sa a bayan mutum kuwa galibi da lissafi ta ke ƙirƙiro shi.

Muna ganin babu makarantar da ta yi talaucin da za ta kasa gwajin malamin Basra. Gwangwani ɗaya, da allura, da 'yar takarda mai shara-shara a ɗaure a bakinsa, sun isa yaro ya ga itacen filin makaranta a kife, ya faɗaɗa hudar da ƙusa ya ga yadda sura ke ƙara haske tana rasa kaifi.

Mu koma ga mai tarihin. Bayan 1021 ya tare a wata 'yar ƙubba kusa da ƙofar masallacin Azhar, ya zauna zaman gudun duniya, yana karantarwa yana rubutu. Ibnul Ƙifɗi ya ce abincinsa daga alƙalaminsa ya ke fitowa. Kowace shekara yakan kwafe littafin Iƙlidis, da babban littafin taurari na Batlamus, da ƙananan littattafan da a ke karantawa tsakaninsu, ya sayar a kan dinari 150, ya ci shekara da su. An lissafa masa littattafai da maƙaloli fiye da 90, sama da 50 sun tsira har yau, cikinsu har da na hasken wata, da na fitar da alƙibla ta hanyar lissafi. Ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, yana da shekara 75 ko kusa da haka. Masu ilimin taurari sun sa sunansa a wani kwari da ke fuskar wata, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta tuna da littafinsa cikin 2015, shekarar da ta keɓe don haske. A wani ɗakin ajiye littattafai na birnin Istanbul akwai kwafin littafin Abuluniyus na ilimin awo wanda ya rubuta da hannunsa, da zane-zanensa, mai ɗauke da tarihin shekara ta 415 bayan Hijira, watau 1024, shekara 3 bayan fitowarsa daga tsare.